Daga Dronten Zuwa Ribe a Keken Ƙwanso

Shekara biyu muna maƙwabtaka da dattijon nan a garin Dronten na ƙasar Holan, ban san abin da yake ajiye a garejinsa ba. Gaisuwa ce kawai ke haɗa mu ta saman shinge, irin ta mutanen ƙasar: a ɗaga hannu, a yi magana ɗaya a kan ruwan sama, kowa ya kama gabansa. Sai wata Asabar na tarar da shi a durƙushe yana goge wani abu ruwan ɗorawa, kamar kwalekwale da aka rufe samansa aka sa masa ƙafa uku. Na sha ganin irinsa yana wucewa fuu a kan titi, amma ban taɓa leƙa cikinsa ba. Da na leƙa, ashe keke ne. Ga feda can gaba, ga sarƙa, ga kujera wadda mutum yake kishingiɗa a kanta, kansa kaɗai ke fitowa waje. Mutanen ƙasar suna kiransa belomobil. Ni kuwa tun daga ranar nake ce masa keken ƙwanso, don mutum a cikinsa kamar gyaɗa yake a ɓawonta.

Guda biyu ne a garejin. Na biyun, fari, na matarsa ne da ta rasu shekara uku kafin nan. Ya ce da gwiwarta ta fara ciwo ne ya sa wa kekunan ɗan injin lantarki, don kada su daina tafiyar da suka saba yi kowace shekara zuwa Denmak. Tun bayan rasuwarta bai sake zuwa ba. Bai roƙe ni komai ba, sai dai ya dube ni sama da ƙasa ya ce tsayina zai shiga. Wata biyu yana koya mini, sannan muka sa rana a ƙarshen watan Yuni.

Bakina bai iya kiran sa'an mahaifina da sunansa ba, ko da yake a can haka ake yi. Sai na laƙaba masa Madugu, na yi masa bayanin ayarin fatake da mai jagorantar sa. Ya ji daɗin sunan ƙwarai. Shi kuma Maƙwabci yake ce mini, kamar yadda suke kiran juna.

Shirya kaya shi ne darasin farko. Keken bai kai mita uku a tsayi ba, faɗinsa bai cika mita ɗaya ba, kuma babu but kamar na mota. Gefen kujera hagu da dama da wutsiyar ƙwanson, nan ne ma'ajiya. Jaka babba ba ta shiga, sai ƙananan buhuna masu laushi da za a cusa a kowane lungu: tanti, bargo mai zif, ɗan risho na gas, tukunya ɗaya, famfo da kayan faci. Mai nauyi a ƙasa, kuma a raba daidai tsakanin hagu da dama, in ba haka ba keken zai riƙa karkata a kwana. Ni na ƙara da dardumar salla, buta, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino da kwalbar yaji.

Mun tashi bayan hantsi. Ƙasar da muka fara takawa ƙarƙashin teku take a da, sai a 1957 aka gama zuƙe ruwan aka mai da ita gonaki, shi ya sa tituna suke miƙe ɗoɗar kamar an ja su da zare. A nan ne wannan keke ya fi samun gindin zama, a Dronten ɗin ma an ƙera wani samfurinsa mai suna Quest. Sabo a yau yakan kai Yuro 8,000 zuwa sama, kuɗin da zai sayi tsohuwar mota mai lafiya.

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne aikin injin. Dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade ƙarfinsa a wat 250, ba ya aiki sai kana taka feda, kuma da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa sai ya janye hannunsa. To shi ƙwanson nan yanka iska yake yi, don haka a shimfiɗaɗɗen titi ƙafarka kaɗai tana kai ka 30 ko 35, injin yana barci. Inda yake farkawa shi ne wurin tashi daga tsaye, da hawan gada, da duk inda nauyin kaya zai ci gwiwa. A gadar Kampen, kan kogin IJssel, na fara jin amfaninsa: wani ɗan kuka siriri a bayana, sai na ji kamar wani ya dafa keken yana turawa a hankali. Abin da ya bai wa matar Madugu ƙarin shekarun tafiya ke nan.

Hanyoyin keke a Holan lamba gare su. Kowace mahaɗa da lambarta a kan ɗan allo, sai ka rubuta jerin lambobin a takarda ka manna a gabanka, ka yi ta bi. Muka shiga lardin Drenthe ta Meppel. Duk inda muka tsaya sai an kewaye mu, kuma tambaya uku ce ba ta canzawa: da inji? Gudu nawa yake yi? Nawa ne? Yara kan durƙusa su leƙa ta ramukan da ke ƙasa, waɗanda ta nan ake zura ƙafa a tura keken baya, tunda ba shi da giyar ribas. Na ce a raina da a Kano ne, daga Ƙofar Nasarawa zuwa Kurmi sai ya ci mana yini guda saboda 'yan kallo. Amma kuma ba zai kai ba. Cikinsa a ƙasa yake ƙwarai, ramin farko zai fasa shi, direban tirela ba zai ma hango shi ba, ga zafin Afrilu da zai dafa mutum a ciki. Keken nan ɗan titinsu ne da sanyinsu.

A Borger muka tsaya kallon wasu kaburbura na manyan duwatsu, masu shekara kamar 5,000. Akwai 52 a lardin, na Borger ne mafi girma. Mun daɗe a wurin, har dare ya yi mana kafin mu isa zango.

Zangon gonar wani manomi ce da ya ware fili a bayan gida don masu tanti. A Holan ba a yarda ka kafa tanti inda ka ga dama ba, ko a daji ne. Yuro 12 kowannenmu, a zuba a ambulan a jefa a akwati, ruwan zafi na wanka kuma sai ka saka kwabo a wani ɗan akwatin ƙarfe ya ba ka 'yan mintoci. Babu wanda ya fito ya ce mana sannu da zuwa. Wannan ya tsaya mini a rai. A ƙauyenmu baƙo ko tsakar dare ya sauka, sai an kawo masa ruwa a kwanon sha, an shimfiɗa tabarma a zaure, an tashi wata ta ɗumama tuwo, ba a tambayi sunansa ba tukuna. Nan kuwa komai tsaf, komai da farashinsa, ba mutum.

Sai ga matsala. Soket ɗin zango ba irin na gida ba ne, wani shuɗi ne mai baki uku, sai da mahaɗi na musamman. Mahaɗin yana kan tebur a garejin Dronten, ni na sauke shi lokacin da nake gyara zaman buhuna ban mayar ba. Gidan manomin duhu. Madugu bai ce uffan ba, ya duba batiran biyu ya ce akwai kusan rabi, Allah ya kai mu gobe.

Daren ma kansa abin labari ne. Rana ba ta faɗi ba sai wajen ƙarfe goma, kuma a wannan lokaci na shekara shafaƙi ba ya ɓacewa gaba ɗaya, sararin arewa yana nan da haske har asuba. Na bi jadawalin masallacin da nake zuwa, na yi ƙasaru, na fuskanci kudu maso gabas a kan ciyawa mai raɓa. Madugu ya kashe rishonsa ya yi shiru har na idar. Haka ya riƙa yi kullum har muka dawo, ba tare da na taɓa ce masa komai ba.

Washegari da hadari muka tashi. Muka ratsa Bourtange, wani ɗan gari mai ganuwa da aka gina da siffar tauraro aka gama a 1593, inda titin bulo ya sa ƙwanson ya riƙa ruri kamar ganga. Iyakar Jamus allo ɗaya ce a bakin hanya, ba shinge ba jami'i. Titin ne ya gaya mana mun canza ƙasa, don hanyar keken Jamus saiwar itatuwa ta tuttura ta, kowane tudu sai ka ji shi a ƙashin baya. Ruwa ya sauko. A nan keken ya nuna halinsa: muka ja murfin roba har wuya, jiki a bushe da ɗumi, fuska kaɗai ke shan ruwa. Amma tsayawa da tashi sun yi yawa, kafin Weener batirina ya mutu, na Madugu ma ya kusa. Keken da kayansa ya haura kilo 60, a kan ƙafa zalla.

Madugu ya tsaya a ƙofar wani gidan jan bulo mai dogon rumbu a baya, ya fito yana ɗigar ruwa, ya danna ƙararrawa. Ni na tsaya daga nesa, don na san abin da ake faɗa game da mutanen nan da baƙo, balle baƙar fata da yamma cikin ruwa. Wata tsohuwa ta buɗe. Ya ce mata wuta muke roƙo ta awa biyu, za mu biya. Ta dubi kekunan, ta dube ni, ta ce batir ya sha wutarsa a rumbu, mu kuma mu shigo, lokacin shayi ne.

Ban san na shigo ƙasar shayi ba sai ranar. Mutanen wannan yanki, Firisiya ta Gabas, ana lissafa su cikin waɗanda suka fi kowa shan shayi a duniya, kusan lita 300 kowane mutum a shekara, kuma da ƙa'idarsa. Ta ajiye mana ƙananan kofuna masu zanen fure. Ta fara sa dunƙulen farin sukari kamar ƙanƙara a gindin kofi, ta tsiyaya baƙin shayi mai zafi a kai, sukarin ya ce ƙas. Sannan ta ɗauki wani ɗan cokali mai lanƙwasa ta zuba kirim a gefen kofin a hankali, ya nutse, ya taso kamar gajimare. Na kai hannu zan juya, ta riƙe mini hannu tana murmushi. Ba a juyawa. Kurɓin farko kirim, na biyu ɗacin shayi, na ƙarshe zaƙi. Kuma kofi uku ne haƙƙin baƙo, in ka ƙoshi sai ka sa cokali a cikin kofin, in ba ka sa ba za a yi ta ƙara maka. Nan take na tuna Buzaye masu gadi a unguwarmu da 'yar butarsu a kan gawayi, su ma zagaye uku suke yi, kuma tashi kafin na ukun rashin ladabi ne. Na ba ta labari, Madugu yana fassarawa. Ta sa na maimaita, ta kira mijinta daga wurin shanu don ya ji.

Da za ta kawo abinci sai ta tambaya ko akwai abin da ba na ci. Ta mayar da naman da ta ciro, ta soya ƙwai da dankalin turawa, ta yanko baƙin burodi da cuku. Na fito da yaji. Mijin ya barbaɗa da yawa, ya yi ta tari yana share hawaye, ya ƙara. A rumbun muka kwana, kan busasshiyar ciyawa, kusa da 'yan maruƙa. Da safe Madugu ya ciro kuɗin wuta. Mijin ya ce batir ɗaya rabin yunit yake ci, bai kai kuɗin ƙwai ɗaya ba, kada a ba shi kunya. Na bar musu rabin yajin da dabino.

A hanya na daɗe ina juya abin. Ashe karamcin yana nan, ƙofa ce kawai a rufe. Mu muna fita mu tari baƙo, su kuwa suna ganin kutsa kai cikin sha'anin mutum rashin kyautawa ne, sai ya buɗe baki ya nema. Da mota muke, da mun sha mai mun wuce, da ba mu da abin roƙo. Batirin da ya mutu shi ya kai mu teburin nan. Mun sayi mahaɗi a Leer, amma Madugu ya ce shi da matarsa sun fi son su tambaya, a shagon burodi ko wurin shan kofi, don awa ɗayan da batir ke sha ita ce awar hira.

Kwana biyun da suka biyo baya na koguna ne. Muka haye Weser a jirgin fito daga Brake, washegari muka kama layi a Wischhafen don haye Elbe. Motoci sun yi dogon layi, masu keke kuwa gaba ake wucewa da su. Kogin ya yi faɗin da sai da muka yi kusan rabin awa a kan ruwa, manyan jiragen kwantena masu zuwa Hambug suna gilmawa kamar unguwa guda tana tafiya. Glückstadt, a ɗaya gaɓar, Sarkin Denmak Christian na Huɗu ne ya kafa shi a 1617, kuma ya yi suna da wani ɗan kifin teku da ake jiƙawa a gishiri a ci da albasa a cikin burodi, ba dahuwa. Yuro 4 ne guda. Madugu ya ci uku. Ni na fi gane wa soyayye. A kullum abincinmu da zango da fito ba sa wuce Yuro 30 kowane mutum, in mun dafa da kanmu. Ranar Lahadi ce ta so ta ba mu wahala, don a Jamus kantuna a rufe suke ruf. Ranar garin kwaki da ƙuli-ƙuli suka fitar da mu, Madugu ya sha da madara da sukari ya ce a ƙara.

A daren ne ya ba ni tarihin keken. Ya ce wani Bafaranshe, Charles Mochet, ya ƙera ƙananan motocin feda da keken kishingiɗe. A 1933 wani mai tsere, Francis Faure, ya hau keken ya yi kilomita 45 da 'yan kai a awa ɗaya, ya karya tarihin duniya. A 1934 hukumar tseren keke ta duniya ta fitar da irin wannan keke daga gasa. Madugu yana faɗa yana buga cokali a tukunya, kamar jiya aka yi. A ganinsa wannan hukunci ne ya sa duniya ta tsaya a kan keke iri ɗaya har yau.

A Brunsbüttel muka haye mashigin Kiel, kogin haƙa da aka buɗe a 1895. Fiton kyauta ne, saboda hanyoyin mutane aka yanke lokacin haƙa shi, sai hukuma ta ɗauki nauyin haye da su. Wannan adalci ya burge ni. Daga nan sai gaɓar Tekun Arewa, inda doguwar ganuwar ƙasa ta raba teku da gonaki, kamar badala amma shimfiɗe da ciyawa, tumaki dubbai suna kiwo a kanta. Su ke aske ciyawar, kofatonsu ke daddale ƙasar. Kyan wurin ba a magana, wahalarsa kuma ƙofofi. Kowane ɗan kilomita akwai ƙofar shingen tumaki. Mai keke na gari da hannu ɗaya zai tura ya wuce. Mu sai ɗaya ya zare jikinsa daga ƙwanso, ya riƙe ƙofa, ɗayan ya wuce, ya dawo ya tura nasa, ya sake shiga. Na ƙirga har ashirin na daina. Ga kashin tumaki da taya ke watsowa ta ramukan ƙafa, ga iskar yamma da ke bugun keken daga gefe tana neman ture shi. Iskar gaba ba ta dame shi ba, ta gefe ce abokiyar gabarsa. Teku kuwa da muka zo gani ya janye, sai laka shimfiɗe iya ganin ido, bayan awa shida ya dawo.

A wani ƙauye kafin Husum na ga sheƙa a kan dogon turke da aka kafa musamman, da wasu manyan tsuntsaye farare masu baƙin fiffike da jan baki. 'Yan uwan shamuwa ne. Wani mutum da ke gyaran shinge ya ce a watan Agusta za su tashi zuwa Afirka, wasu har yankin Chadi da Sudan. Na ce masa mu ma muna da tamu, ita ke gaya mana damina ta kusa, kuma ba a taɓa ta. Ya ce su ma haka, gidan da ta zaɓa ya yi sa'a. Na daɗe a ƙarƙashin turken nan. Tsuntsun da ke saman kaina ya fi ni yawan zuwa gida.

Iyakar Denmak a ƙauyen Rudbøl take, kuma tun 1920 duwatsun iyakar suna tsakiyar titi, gidajen wannan gefe Jamus, na wancan Denmak. Fasfo da katin zama suna aljihuna, ba wanda ya tambaya. Kuɗi ya koma kurona, farashin komai ya ɗaga. Madugu ya ce ƙasar ma tana da hannu a keken, don wani injiniya, Carl Georg Rasmussen, ya ƙera nasa mai suna Leitra a 1980, bayan tsadar man fetur ta shekarun da suka gabata.

Abin da Denmak ta fi maƙwabtanta da shi shi ne rumfunan matafiya. A bakin daji ko gefen ƙauye za ka tarar da ɗan ɗakin katako mai bango uku, buɗe ta gaba, da wurin hura wuta, galibi kyauta. Zangon fatake sak. Muka shimfiɗa barguna ba tare da kafa tanti ba, kekunan a waje ba ko kwaɗo. Barci ya ƙi zuwa mini da wuri. Kakana ya yi fatauci da jakuna, yana kwana a gindin kuka tsakanin Katsina da Maraɗi, abin da yake tsoro kura ce. Yau akwai hanyoyi a ƙasarmu da ko da rana tsaka sai da addu'a ake bin su, kuma mutanen da suka fi kowa son baƙo sun koyi tambayar waye kafin su buɗe ƙofa. Wannan ya fi tsadar komai yi mini ciwo a tafiyar nan.

Rumfar ba wuta, don haka tun da yamma na ɗauki batiran biyu da caja na nufi gona mafi kusa. Wannan karon ni na danna ƙararrawa, Madugu ya ce lokaci ya yi. Wata matashiya da jariri a kafaɗa ta karɓa ta ce in dawo da safe. Ban kai ga komawa ba. Ƙarfe bakwai sai ga yaronta, bai fi shekara goma ba, yana turo baro, batiran a ciki an lulluɓe da tawul saboda raɓa, da ƙwai shida a kwali. Ladan da ya nema shi ne a bar shi ya shiga farin keken. Ƙafarsa ba ta kai feda ba, Madugu ya tura shi har bakin titi ya dawo da shi.

Mun shiga Ribe da azahar ta kwana na bakwai, agogon keken ya nuna ɗan abin da ya haura kilomita 600. Shi ne gari mafi tsufa a Denmak, tun farkon ƙarni na 8. A bakin kogi akwai wani ginshiƙin katako da aka ɗaura wa zobban ƙarfe, kowanne yana nuna inda ambaliya ta kai a shekararta. Na 1634 ne can sama, ya fi tsayin mutum nesa. Madugu ya zauna a wani benci kusa da ginshiƙin, ya ce nan suke zama su ci burodinsu duk lokacin da suka iso. Ya ciro burodi ya raba biyu ya miƙo mini. Muka ci ba mai magana.

Da ya gama ya kakkaɓe hannu ya ce, "Maƙwabci, ta gabas za mu koma. Can akwai tuddai, za ka ji aikin injin nan."

Titin ya yi wa kekunan ƙunci, ba za su iya juyawa da kansu ba. Muka kama wutsiyar kowanne muka ɗaga, muka juya hancinsa.